Babi na Bakwai: Fim Namu, Hanya ta Wasu

A ƙarshen shekarun 1990, furodusan da ya gama fim a Kano kwali yake sayarwa. Zai je wurin masu ɗab'i a buga masa kwalayen kaset 'yan dubbai, gwargwadon ƙarfin aljihunsa da yadda yake hasashen fim ɗin zai karɓu, fuskokin jarumai a gaba, guntun labari da sunan kamfani a baya. Sai ya haɗa su da uwar kaset ɗin ya nufi Bata ko Ƙofar Wambai. Daga nan aiki ya koma hannun ɗan kasuwa. Shi ke sayen kaset marar komai, shi ke da ɗakin da aka jera injinan bidiyo suna kwafa dare da rana, shi ke zuba kaset a kwali ya rarraba wa dillalai. Rabon furodusa kuɗin kwali ne kawai, wajen naira 50 a kan kowane ɗaya a wancan zamani, kuma ba a ranar ake ba shi ba. Sai kaya sun fita. Kwalin da ya yi kwantai a mayar masa da abinsa, ya san inda zai ajiye.

Brian Larkin, Baturen da ya zauna a Kano yana nazarin sinima da kasuwar kaset, ya bayyana wannan tsari a littafinsa Signal and Noise na 2008, inda ya fito da abin da 'yan fim suka daɗe suna ji a jikinsu: mallakar mai fim a kan takarda ta tsaya, abin da ke cikin kaset kuwa yana hannun mai injin kwafa. Kaset mai kwali shi ne na gaskiya, marar kwali na sata, ko da ɗaki ɗaya ne ya haife su. Furodusa ba shi da yadda zai yi ya san kwafi nawa aka buga daga uwar kaset ɗinsa. Iyakar saninsa, kwali nawa ya kai, nawa aka dawo masa da su.

Mai karatu zai ce, to me ya sa suka yarda? Hanyar ce ta riga su zuwa. Tun kafin ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, shekara biyu kafin Living in Bondage ya buɗe kasuwar Kudu, 'yan kasuwar kaset na Kano sun yi nisa a harkar fina-finan Indiya da na Amurka, ana shigo da su ta Dubai da Bairut a kwafa a nan. Suna da dillalai a Zariya da Sakkwato da Jos da Maiduguri. Abokan ciniki na zuwa musu daga Maraɗi da Damagaram da Agadas, daga Garwa da Ngaundare, daga zangon Kumasi, har da masu kai kaya wa Hausawan Sudan da 'yan'uwanmu mazauna Makka da Jidda. Duk a kan amana da bashi, ba rasit ba lauya. Da fim ɗin Hausa ya zo, wannan hanya ya hau, don babu wata. Ta kuwa kai shi nesa, cikin sauri. Sai dai kuɗi ba sa biyo sawunsa su dawo. Kaset guda in ya tsallaka iyaka ya zama iri, don a can ma akwai injin kwafa.

Shi ya sa idan na ji ana ta maganar shigar da fim ɗin Hausa kasuwar duniya a tarurruka, nakan ga an makara da wajen shekara talatin. Ya shiga tun zamanin kaset. Abin da bai taɓa samu ba shi ne yadda zai karɓi kuɗi daga hannun mai kallon da ke nesa da Kano, kuma duk faɗi-tashin da masana'antar ta yi daga kwali zuwa YouTube, a kan wannan ne.

Jarin farko daga aljihu ya fito. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suna karo-karo. Marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim, suka zuba abin da littafi ya kawo musu. Wani ya sayar da babur, wani ya ranto a wurin yayansa. Banki bai san da zamansu ba, su ma ba su san ƙofarsa ba. Da Sangaya na kamfanin Sarauniya da Wasila suka fito a wajajen shekarar 2000 suka yi kasuwar da ba a saba gani ba, sai 'yan kasuwa suka farga cewa zama a kanti ana jiran kwali asara ce. Suka shiga ba da kuɗin fim tun kafin a tafi lokeshin, ko su saye shi ɗungurungum bayan an gama. Mai kuɗi kuwa shi ke da magana. Shi zai ce a sa wane da wance, a yi waƙa uku, a raba fim gida biyu, na ɗaya da na biyu, a sayar da kwali sau biyu. Masu sukar fim ɗin Hausa da yawan rawa da waƙa da kwaikwayon Indiya sukan ɗora wa daraktoci laifi. Rabin laifin na kanti ne. Waƙa ce ke sayar da kaset, kuma mai kanti ya fi kowa sani, don shi ake tambaya: akwai wanda suka yi waƙar nan a ciki?

Faifan CD ya zo ya kori kaset. Ya fi araha, ya fi saurin kwafa, ɓarawo ma ya fi jin daɗinsa. Amma abin da ya durƙusar da kasuwar gaba ɗaya wayar hannu ce.

Duk wanda ya zauna a Kano ko Katsina ko Damagaram a shekarun 2010 ya san shagon mai turi. Ɗan akurki ne a bakin titi, sau da yawa jikin mai cajin waya, teburi ɗaya, kwamfuta ɗaya, lasifika na ta tashi, igiyoyin caja a warwatse. Yaro zai zo da memori a naɗe cikin takarda, a jikin takardar an rubuta sunayen fina-finan da matan gida ke so. Naira 20 ko 50 kowane fim. Kafin ya gama kallon hotunan da aka manna a bango an cika masa, ya koma gida, zuwa magariba an tura wa maƙwabta ta Bluetooth ko Xender, kyauta. Faifai ɗaya mai turi zai saya ya wadata unguwa guda. Daga baya an nemi sasantawa, masu turi suka yi ƙungiya, aka fara maganar su riƙa sayen izini daga mai fim, amma abin da ke shigowa ta nan bai kama ƙafar abin da faifai ke kawowa a da ba.

A cikin memorin nan kuma fim ɗin Hausa ya tarar da kishiya. Masu fassara irin su Algaita suka fara ɗora muryar Hausa a kan fina-finan Indiya. Fim ɗin da aka narka wa dukiya a Mumbai ko Haidarabad, da faɗa da jirage da motoci suna tashi sama, ga shi jaruminsa yana zuba Hausar Kano har da baƙar magana, kuma a farashi ɗaya da fim ɗin da aka ɗauka a falo biyu da tsakar gida. Kasuwar duniya ke nan ta biyo mu har gida. Ga rikicin Boko Haram ya lalata hanyar Maiduguri, wadda ta nan kaya ke bi zuwa Chadi da arewacin Kamaru. Shagunan faifai suka koma sayar da kayan waya, furodusoshi da dama suka ajiye sana'ar, wasu 'yan fim da mawaƙa suka koma bin 'yan siyasa, inda waƙa ɗaya ta kamfen kan fi fim guda riba.

Sinima ba ta ceci kowa ba. Tsoffin gidajen kallo na Kano, su Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba, sun daɗe da shuɗewa, kuma dama can ba wurin zuwan matan aure ba ne, alhali su ne suka fi kowa kallon fim ɗin Hausa. Da sinimar Filmhouse ta buɗe a Ado Bayero Mall, fina-finai irin su Mansoor na Ali Nuhu, na 2017, sun ja jama'a, musamman da salla. Amma gidan kallo ɗaya ko biyu a gari guda, kuma a raba kuɗin tikiti da mai gida, ba shi zai riƙe masana'anta ba.

Talabijin ce ta sauya fasalin aikin. MultiChoice ta Afirka ta Kudu ta buɗe Africa Magic Hausa a 2010, tana sayen izinin nuna fina-finan da aka riga aka yi. Sai Arewa24 ta fara aiki a 2014, da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta hannun ƙungiyar Equal Access, da manufar yaƙi da tsattsauran ra'ayi, kafin daga baya ta koma tashar kasuwanci. Ko mutum yana son asalin kuɗin ko ba ya so, Daɗin Kowa da Kwana Casa'in sun koya wa masu kallo jiran shiri mako-mako, sun kuma koya wa 'yan fim cewa ana iya zama a rubuta labarin wata uku kafin a kunna kyamara. Fim mai dogon zango daga nan ya kafu. A wajen ciniki kuwa labarin bai canza ba: tasha ce ke da tauraron ɗan'adam, ita ke da masu talla, don haka ita ke da rinjaye.

Sai 2020, shekarar kullen korona. Mutane na zaune a gida, waya a hannu. Lawan Ahmad ya saki Izzar So a tasharsa ta Bakori TV a YouTube, Aminu Saira ya fito da Labarina a Arewa24 da kuma tasharsa ta Saira Movies. Cikin 'yan watanni kowa ya ga inda ruwa ya koma, kuma yau da wuya ka sami furodusan da ba shi da tasha.

Ya kamata a fahimci yadda kuɗin YouTube yake, don a nan ake yawan ruɗuwa. Mai kallo ba ya biyan mai fim ko sisi; kuɗinsa na data kamfanin waya yake ba. Masu talla ne ke biyan YouTube, shi kuma ya ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da ta fito a bidiyonsa, ya riƙe 45. Kafin ma a fara lissafi da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma ba a turo maka komai sai abin da ka tara ya kai dala 100. Babban abin da mutane ba su sani ba shi ne kallo ba farashinsa ɗaya ba. Mai talla yana biya ne gwargwadon ƙasar da mai kallo yake da abin da ake tsammanin zai iya saya. Mutum ɗaya da ya kalli shiri daga Landan ko Riyad yakan fi mutane da yawa da suka kalla daga Gusau ko Tawa kawo kuɗi. Saboda haka miliyan ɗaya da ake gani a ƙasan bidiyo, ana ta yi wa furodusa barka, kuɗinta ba ya kai na miliyan ɗayan Baturen da ke koyar da gyaran mota. Hausawa suna da yawa, suna da naci wajen kallo, amma a ma'aunin masu talla ba su da tsada.

Abu ɗaya da ya taimaka shi ne da dala ake lissafi. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a kan dala ɗaya ta wuce 1,500 a 2024, kuɗin YouTube ya yi auki in an canza shi. To amma kyamara da fitilu da kwamfutar tace hoto su ma da dala ake sayensu, ga man janareto da na motar lokeshin sun ninka tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun wannan shekarar ta 2023. Abin da ya shigo ta ƙofa ya fita ta taga.

Shi ya sa in ka zauna kallon shirin mako za ka ga abin da ke riƙe da shi a zahiri. Kafin labari ya fara, ga tallar mai turaren wuta da humra. Minti goma da farawa, jaruma ta shiga kanti sayen atamfa, kyamara ta tsaya a kan allon kantin har sai ka haddace lambar waya. Can kuma ga mai sayar da filaye, ga makarantar kuɗi, ga mai maganin gargajiya. Waɗannan su ne masu jarin fim ɗin Hausa na yau, 'yan kasuwar Kwari da Sabon Gari da masu sana'a a Instagram, kuma kuɗinsu a hannu yake, ba a jiran ƙarshen wata. Ban ga aibu a nan ba. Inda aibun yake shi ne abin da tsarin ke yi wa labari. Tunda kowane mako sai an saki sabon shiri, in ba haka ba masu kallo su watse, YouTube ya daina nuna wa mutane tasharka, masu talla su koma wani wuri, sai ka ga labarin da ya kamata ya ƙare a zango biyu an ja shi zango bakwai. Wanda ya mutu ya dawo, wadda aka saka a sake aurenta a sake sakinta. Jiya mai kanti ke cewa a ƙara waƙa, yau na'ura ce ke cewa a ƙara zango, kuma ita ba a zama da ita a roƙi arziki. Ƙorafi uku na satar fasaha in suka hau kan tasha za a iya rufe ta da duk abin da ke ciki, ko da a kan ɗan kiɗan da edita ya tsinto ya sa a bayan magana ne.

Manyan dandalin duniya fa? An sa musu rai fiye da kima. Netflix da bakinsa ya bayyana cewa daga 2016 zuwa 2022 ya zuba dala miliyan 175 a Afirka ta Kudu da Kenya da Najeriya. Dala miliyan 125 a Afirka ta Kudu, Najeriya kuwa ba ta kai miliyan 24 ba, kuma kusan dukkansu a Legas suka tsaya. Abin da ya shafi Arewa a can, irin su Amina na 2021 ko Sons of the Caliphate, yawanci kamfanonin Kudu ne suka yi, da Turanci. A watan Janairun 2024 Amazon ya daina ba da kuɗin sababbin ayyuka a Afirka, a ƙarshen shekarar kuma masu shirya fim a Legas suka fara kukan Netflix ma ya ja baya. Wanda bai samu ba lokacin da ake rabo, ba yanzu zai samu ba.

Abin mamaki, a wurin da harshe ke da daraja Hausa ta yi gaba. An cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga gasar Oscar a 2019 saboda Turanci ya yi yawa a cikinsa. Shekarar da ta biyo baya fim ɗin da Najeriya ta aika shi ne The Milkmaid, wanda akasarinsa da Hausa ne, har Maryam Booth ta ci kyautar AMAA da shi. A 2024 kuma aka aika Mai Martaba na Prince Daniel, wanda aka ɗauka a Daura. Babu wanda ya kai zagayen ƙarshe, amma sun nuna fim da Hausa yana iya fita kunya a gaban kowa in an kashe masa kuɗi. Irin wannan aiki guda ɗaya ne a shekaru, ba shi ke ciyar da mai riƙe fitila a lokeshin ba.

Kuɗin gwamnati ma an gani an kuma rasa. Gwamnatin Jonathan ta ware naira biliyan 3 a 2013 da sunan Project ACT Nollywood, Bankin Masana'antu ya fito da NollyFund, Babban Banki ya kawo nasa rancen a 2019. Rance yana son jingina da takardun kamfani da lissafin shekaru, abubuwan da masana'antar da ta tashi a kan amana ba ta tanada ba, ga kuma kuɗin ruwa da da yawa ba za su taɓa ba saboda addini. A 2016 gwamnatin Buhari ta shirya gina alƙaryar fim ta naira biliyan 3 a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai suka yi ca, aka janye. Mai son zuba jari yana kallon wannan, yana kuma kallon Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, wadda a watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a rana ɗaya, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, a kan ba su kawo an tace ba. Hukuma tana da hurumin yin aikinta, doka ce ta ba ta. Amma mai kuɗi yana so ya san ƙa'ida tun kafin ya zuba, ya kuma san kwana nawa tacewa ke ci, tunda shirin mako ba ya jira.

Duk wannan ƙarancin a kan na ƙasa yake sauka. A farkon 2022 Ladin Cima, dattijuwar da ta shafe shekaru da dama tana fitowa a matsayin uwa, ta shaida wa BBC Hausa cewa abin da ake ba ta a fim bai wuce 'yan dubbai ba. Wasu furodusoshi suka musanta, aka yi ta cacar baki a kafafen sada zumunta. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a rigimar shi ne ba a ga wanda ya fito da takarda ba, ita ko su. Jarumi yana karɓar sallama ne a lokeshin, shi ke nan. Fim ya shekara goma ana kallonsa, a tasha, a YouTube, ba shi da ko kwabo a ciki. Marubuci ma haka.

An gwada gina hanya ta gida. Northflix da Kallo sun fito da manhajar da za ka biya ka kalla, kuma tunanin daidai ne. Cikas ɗin a wurin biya yake. Mutumin Maraɗi sefa ke hannunsa, da Nita ko Amana yake aika kuɗi. Na Kumasi da MoMo yake sayen komai. 'Yar'uwarmu da ke aiki a Jidda riyal take karɓa. Matar aure a Funtuwa wataƙila ba ta da katin banki, amma kullum tana sa katin waya. Waɗannan su ne kasuwar duniya ta fim ɗin Hausa, ba alƙalan Oscar ba, kuma duk dandalin da bai iya karɓar naira 100 ko dala ashirin ta sefa daga hannunsu cikin sauƙin sayen kati ba, YouTube zai ci gaba da cinye shi, don shi kyauta ne.

Wannan aiki ya fi ƙarfin furodusa ɗaya, kuma in kowa ya buɗe tasa manhajar babu wadda za ta rayu. Ali Nuhu yana shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya tun Janairun 2024. Ga ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN, ga attajiran Kano da suka san harkar kuɗi tsakanin Najeriya da Nijar da Ghana fiye da kowane banki. In za su zauna, abu biyu ne a gabansu: dandali ɗaya na haɗin gwiwa da ke karɓar kuɗi ta kamfanonin waya a ƙasashen nan, wanda kowane mai fim zai iya duba sau nawa aka kalli aikinsa, da kuma takardar yarjejeniya guda da za a wajabta, mai faɗin rabon marubuci da jarumi da mawaƙi in fim ya ci gaba da kawo kuɗi. Gine-gine su biyo baya.

Kai kuma mai kallo, kafin ka danna, duba sunan tashar. Fina-finai da yawa, tsofaffi da sababbi, wasu ne suka kwafa suka ɗora a tasoshinsu suna karɓar kuɗin talla. In ba ta mai fim ba ce, fita ka nemo tasa; datar da za ka ƙona ɗaya ce.